Inna da Jami'a Mai Zaman Kanta

Ba a shiru a gidanmu na Goronyo. Ba ƙorafi nake yi ba, haka Allah ya yi mu. Tun kafin rana ta fito turmi ya fara, awaki na kuka a bayan ɗakin girki, injin markaɗe na ƙara a ƙofar gida, yara na rigima a kan cokali ɗaya alhali ga cokula nan cike da kwano. Mu mutane ne masu magana da ƙarfi. Ko gaisawa muke yi, baƙo sai ya ɗauka faɗa ne ya tashi, har ya miƙe zai raba.

Ni kuwa sai aka haife ni da son shiru, ban san inda na gado shi ba. Tun ina sakandare, idan na buɗe littafi a tsakar gida, layi ɗaya sai in yi ta maimaita shi har a kira salla. Da na ga abin ba zai yi ba, sai na koma wani ɗakin ƙasa da ke can ƙuryar gida, inda Baba yake zuba albasa da tafarnuwa idan an kwaso daga gonakin da ke ƙarƙashin dam ɗin garinmu. Yara ba sa zuwa wurin, wai akwai kububuwa a ciki. Ni dai ban taɓa ganinta ba, har ina jin kaina wata jaruma. A nan na yi karatun jarrabawata duka, a kan buhu, ido na hawaye, tufafi na wari. A makaranta kafin in shigo aji an san na iso.

Inna ce ta laƙaba mini Malama Mai Albasa. Inna kakata ce, mahaifiyar Baba, kuma da yake shi haka yake kiranta, sai duk gidan muka bi. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta shiga maganata a gaban mutane. Tun da aka yaye ni a ɗakin Inna nake, gado ɗaya, kwano ɗaya. Mace ce mai son jama'a fiye da abinci. Daga Taloka har Tursa ba gidan da ba ta san wanda ya haifi mai shi ba, kuma ranar kasuwa ko ba ta da abin saye sai ta yafa mayafi ta fita, wai za ta je ta ga mutane. Idan ta kwana ba ta tsokane ni ba, to ba ta da lafiya.

Ranar da labarin ya zo, da hantsi ne. Na duba waya na ga jami'o'i biyu sun ba ni gurbi, kuma duk a fannin da nake mafarki, wato aikin gwaje-gwajen asibiti. Na yi tsalle har ɗankwalina ya faɗa cikin kwandon tafarnuwa. Ɗaya babbar jami'ar gwamnati ce a Sakkwato, wadda in ka fita da safe ka isa kafin rana ta take. Ɗayar ƙarama ce ta kuɗi, a wata jiha can nesa, tafiyar yini guda cur. Na ga hotunanta a waya: ɗaki mai gado biyu, tebur, taga, da ƙofa mai rufuwa. Ƙofar nan na fi kallo.

Baba na samu a zaure tare da Baffa, ƙanensa, wanda ke zaune a Wurno yana fataucin shinkafa da albasa zuwa Kudu. Ban gama faɗa ba suka kaure da gardama, kowa na murna, kowa na ɗaga murya.

"Ta gwamnati suna ag gare ta," in ji Baba. "Duk inda tak kai takardarta an san ta. Manyan malamai na can."

"Yaya, suna ba shi aikin komi in ana yajin aiki," in ji Baffa. "Ɗana ya shiga ba ko gashin baki, ya hito da gemu har ƙirji. Ɗiyata ba ta yin haka. Ta tahi ƙaramar, ni ka ɗaukar nauyi."

Baffa 'ya'yansa duk maza ne, shi ya sa tun ina ƙarama yake ce mini ɗiyarsa. Suka juyo suka tambaye ni wadda nake so, na sunkuyar da kai na ce ƙaramar. Baba ya ce shi ba zai hana ba, amma ni ba tasa ba ce, ta Inna ce. Idan Inna ba ta sa albarka ba, ko mota ta zo ƙofar gida ba inda za ni. Ya kuma ja mini kunne a kan abu ɗaya: kada in kuskura in riƙa cewa jami'ar kuɗi, mutane za su ce muna tallar arziki, kuma bakin mutane ba abin wasa ba ne. To ni da nake jin kaina 'yar boko mai sauraren labaran rediyo, sai na ɗauko sunan da masu karanta labarai ke kiranta da shi, na ruga cikin gida da shi a bakina.

Inna na zaune a kan tabarma tana ɓare tafarnuwa.

"Inna! Sun ɗauke ni! Duk biyun sun ɗauke ni!"

"Ga ki nan tsaye, wa yaɗ ɗauke ki?"

Na durƙusa na riƙe gwiwarta, ina haki. "Makarantun gaba, Inna. Guda ta gwamnati ta, tana Sakkwato. Gudar kau, jami'a mai zaman kanta. Ita nika so, wallahi ita nika so!"

Hannunta ya tsaya a kan tafarnuwar. "Ta wa?"

"Mai zaman kanta."

"Ubanki ya ji maganag ga?"

"Ya ji. Bappa ma shi yac ce shi ka ɗaukar nauyi. Ya taɓa zuwa wurin, ya ce ya ji daɗi ƙwarai."

"Ya taɓa zuwa wurin," in ji Inna a hankali. Ta tattara tafarnuwarta ta shige ɗaki.

Duk wanda ya san bakin Sakkwatawa ya riga ya gane abin da ya faru, ni kaɗai ce murna ta toshe wa kunne. Mu idan za mu ce abu na wani ne, ba ma cewa rigar malam, sai dai rigam malam, gonam mai gari. Don haka tsakanin jami'a mai zaman kanta da jami'am mai zaman kanta ba wani abu sai ɗan nauyin leɓe, kuma kunnen Inna ya fara tsufa. Ita ba ta jin labaran rediyo, wa'azi take saurare da waƙa. A duk rayuwarta mai zaman kanta ɗaya ta sani, wato macen da ta bar gidan iyaye, ba ta gidan miji, ta kama ɗaki a bariki tana abin da ba a faɗa. Abin da Inna ta ji shi ne wata irin wannan ta yi kuɗi ta buɗe makaranta, jikarta na rawar jiki za ta tafi, ɗanta kuma ya taɓa zuwa ya ji daɗi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Inna ta daina tsokanata. Na dama mata fura ta ce ta ƙoshi, ita da ba ta taɓa mayar da fura ba. Idan ta idar da salla sai ta daɗe a zaune tana addu'a, wani lokaci in ji sunana, wani lokaci in ji na Baffa tare da neman shiriya. Ran nan ina share ɗaki ta kama hannuna ta ce, "Mi nir rage ki da shi? Hwaɗa mani." Na ce ba komai. Na ɗauka nisan ne yake damunta, sai na shiga lallashi, ina ce mata ai matan da ke wurin suna da yawa, duk 'yan gidan mutunci ne. Ta dube ni kamar an ce mata na haukace. Ga shi makarantar na jiran amsa, lokaci na tafiya. Na tsorata sosai, domin na san Baba ba ya magana biyu a kan uwarsa.

Sai Inna ta aika a kira mata Baffa. Ya taso daga Wurno da rabin buhun sabuwar shinkafa, yana fara'a, ya durƙusa a bakin ƙofarta. Baba na gefe, ni ina bayan ƙyaure. Ya gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Tun yaushe kas san maccen ga?"

"Wace macce, Inna?"

"Mai makarantag ga. Ɗiyaw wa ta? Ina mijinta? Kuma kai mi yak kai ka wurinta, da iyalinka da hurhurarka? Bai ishe ka ba, sai ka ɗauki jikata da kuɗin albasarka ka kai ma mai zaman kanta?"

Aka yi tsit, shirun da ban taɓa ji a gidanmu ba. Baba ne ya fara ganewa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa don girman uwa, kafaɗunsa na rawa, sai abin ya ƙwace masa, ya tuntsire har hularsa ta gangara cikin kwatami. Baffa ya kwanta a kan buhun shinkafarsa yana cewa, "Wayyo cikina, Inna kin kashe ni." Daga bayan labulen ɗakinta na ji mahaifiyata ma tana ƙyaƙyatawa, ita da ko sunana aka ambata sai ta kau da kai. Ni kuwa kunya da dariya da sanyin rai suka haɗe mini, na zame a jikin ƙyaure ina hawaye.

Da ƙyar Baffa ya yi mata bayani cewa makarantar ce ke zaman kanta, ma'ana ba gwamnati ke riƙe da ita ba, kuma ba wata mace a maganar. Inna ta saurara har ƙarshe, fuskar nan ba alamar murmushi.

"Tau mi yah hana ku ce makarantak kuɗi, awa yadda kowa ka cewa?"

Baba ya duƙa yana kakkaɓe hularsa.

"Ku gama dariyarku," in ji ta. "Ni ba ni sa albarka ga abin da ban gani ba. A kai ni, duk biyun. In akwai macce can, ni ka gano ta."

Haka aka yi. Muka bari sai da rana ta ɗaga motoci suka fara wucewa, kamar yadda kowa ke yi a hanyar nan yanzu saboda tsoron masu tare hanya, sannan muka shiga motar Baffa. Inna ta sha atamfarta ta zuwa biki, ta zauna a gaba. Tun daga fadamun Wurno take nuna gonaki tana faɗin masu su da wanda ya auri 'yar wa. Tsokana ta dawo. Ta ce wa Baffa ya tuƙa a hankali, kada ɗokin ganin uwar ɗakinsa ya jefa mu rami.

Da babbar muka fara. Ni da nake tsammanin makaranta, ashe gari ne guda. Motocin ɗalibai cike har ƙofa, 'yan kabu-kabu na kiran fasinja, masu awara da masu shayi da masu buga takardu, ga samari da 'yan mata na gudu da littattafai kamar ana rabon wani abu. Muka leƙa wani ɗakin lakca da ya kai girman filin idinmu, ya cika maƙil, wasu na tsaye a taga suna rubutu a kan cinya. Da muka shiga laburare na ga littattafai jere har inda idona ya tsaya, sai da na taɓa su da hannu don in tabbatar. A zuciyata na ce Baba ya yi gaskiya, wannan wuri ya isa a yi alfahari da shi.

Inna kuwa ai ta zo gida. A ɗakin kwanan mata, inda gadaje ke hawa kan juna, ga bokitai, ga risho, ga shanya ta ko'ina, wata yarinya ta ji maganarta ta taso da gudu ta durƙusa. 'Yar Taloka ce. Kafin a ce me, Inna ta gano kakarta, ta gano cewa tare suka yi tallar fura suna yara. 'Yan ɗakin suka kewaye ta, aka zubo mata ɗanwake, ta ci tana ba su labari suna shewa. Ta juyo gare ni ido na ƙyalli.

"Kin gani? Nan ko hwaɗuwa kiy yi, akwai mai tada ki."

Na ja 'yar Talokan gefe na tambaye ta inda take karatu idan laburare ya cika. Ta yi dariya ta ce ƙarƙashin bishiya, ko masallaci idan an samu wuri, amma gaskiya sai mutum ya koyi karatu cikin hayaniya. Na dubi ɗakin. Gidanmu ne sak, sai dai ba ɗakin albasa.

Tafiya zuwa ƙaramar ta ba mu wuya. Muka yini a hanya, muka sauka a gidan wani abokin cinikin Baffa, da safe muka ƙarasa. Mai gadi ya buɗe mana ƙofa, muka shiga wani fili mai shuke-shuke, gine-gine kaɗan, komai fes. Ɗalibai na wucewa ɗai-ɗai, suna magana ƙasa-ƙasa. Har kukan kurciya ana ji. Inna ta fito daga mota ta rangaɗa sallama irin tamu, wadda ake ji daga wannan unguwa zuwa waccan. Wasu 'yan mata suka firgita, suka amsa a hankali. Ta matso kusa da ni ta ce, "Rashi anka yi?"

Aka haɗa mu da matar da ke kula da ɗakin kwanan mata, wata dattijuwa mai tabarau da carbi a hannu. Inna ta tsaya ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ke am mai wurin?"

"A'a Hajiya, aiki nake yi a nan."

"Ina mijinki?"

Baffa ya juya baya yana tari. Matar ta ce maigidanta ya rasu, 'ya'yanta sun girma, shi ya sa take riƙon 'ya'yan mutane. Nan take Inna ta sauko, ta yi mata ta'aziyya, ta kuma ba ta labarin duk abin da ya kawo ta, ba ta ɓoye komai ba. Matar ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce tun da take aikin nan iyaye na tambayarta ruwa da wuta da abinci, ba a taɓa zuwa binciken aurenta ba sai yau.

Ta kai mu wani ɗaki da ba kowa. Gado biyu, tebur, kujera, taga mai kallon wata bishiyar darbejiya. Baffa da matar suka tsaya a waje suna magana. Na tura ƙofar, ta rufu ruf, duk wani sauti ya yanke. Na ja kujerar na zauna, na ɗora hannuwana a kan teburin. Ba warin albasa, ba sauro, ba mai kirana in miƙo masa wani abu. Ban san lokacin da na fara murmushi ba, kuma na kasa dainawa. Inna ta zauna a bakin gado tana kallona.

A hanyar dawowa Inna ba ta nuna gonar kowa ba. Ni kuma raina ya rabu biyu. Na ga yadda ta yi farin ciki a Sakkwato, na kuma ga da idona irin nisan da ke tsakanin ƙaramar da Goronyo. Na lura da yadda take dafa gwiwa kafin ta miƙe, da yadda Baffa ke riƙe ta idan za ta fita daga mota. Na fara shirya yadda zan ce mata na fasa, babbar ma ta yi.

Washegari bayan la'asar ta kira ni ɗaki. Ta ce in zauna.

"In don ta ni ta, Sakkwato za ki," in ji ta. "Ko ciwon kai niy yi, kahin magariba kin iso. Wancan wurin kau, sai dai a hwaɗa maki."

"Inna, ai babbar ma..."

"Yi mani shiru, ban gama ba. Na ga huskarki cikin ɗakin can. Tun da anka yaye ki anka aje mani ke, ban taɓa ganin kin yi irin wagga huska ba." Ta gyara zama. "Ke, kin taɓa ganin kububuwa ɗakin albasa?"

Na ce a'a.

"Ba ki ganinta, don babu ta. Ni niy yi ta. Na ga kina bin lungu da littahi awa kazar da ka neman wurin ƙwai, nic ce ma ɗiyan gidan ga duk wanda yal leƙa ɗakin can, ta sare shi. Shekara da shekaru ina kiwon maciji don ki samu wurin zama."

Na buɗe baki ina kallonta. Duk jaruntar da nake taƙama da ita ashe aron ta aka ba ni. Dariya ta taso mini, kuka ya riga ta fitowa.

"Yanzu hwaɗa mani gaskiya, kar ki dibi tsuhwana. Wace kika so?"

Na ce, "Ƙaramar, Inna."

Ta ɗaga kai sama kaɗan. Sannan ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, ta yi addu'a mai tsawo ta tofa mini, ta shafa. "Allah shi yi maki albarka. Tahi ki yi zaman kanki, Malama Mai Albasa."

Kafin in tafi ta mayar da abin hanyar nishaɗi. Duk gidan suna ko biki da ta shiga, sai ta jira mata sun taru, ta gyara murya ta ce jikarta za ta tafi wurin mai zaman kanta, kuma ɗanta ne zai kai ta da kansa. Sai ta yi shiru tana kallon yadda ake salati ana dafe ƙirji. Sai ta more sosai tukuna ta warware musu, ta ƙara da cewa su ma ai jahilci ne ke damunsu, ba sa sauraren labarai. Baba ya gaji ya ce da ya sani da ya bari an ce ta kuɗin.

Na tafi cikin ɗoki. Makon farko ko tafiya nake yi ji nake kamar in yi rawa. Malamai sun san sunana, na taɓa na'urar duba jini da hannuna, abokiyar ɗakina kuma yarinya ce mai sanyi wadda ko tari za ta yi sai ta nemi afuwa. Na samu duk abin da na roƙa. Sai dai da karatu ya kankama, na rufe ƙofa na zauna a teburina, sai na ga ina maimaita layi ɗaya. Shirun ya yi yawa. Kunnena ya riƙa neman wani abu yana rasawa. Ashe a ɗakin albasa ba shiru nake ji ba, gidanmu nake ji daga ɗan nesa, turmi da awaki da muryar Inna na ratsa bango. Na yi kewar gida har abinci ya daina shiga.

Wata rana da yamma na kasa daurewa, na kira ta. Na yi niyyar in gaishe ta kawai, amma tana cewa "Malama" sai muryata ta karye, na faɗa mata komai. Na jira tsokana, don na san na ba ta abin da za ta yi shekara tana ja.

Ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Littahin na gabanki?"

Na ce yana nan.

"Tau kar ki kashe."

Na ji ƙarar takalminta, na ji ta fita tsakar gida tana nishi, na ji ta ajiye wayar a kan wani abu, ina jin murfin randa ne. Sai ga gidanmu ya cika mini ɗaki: ana daka, akuya na kuka, wani yaro na ihu an cinye masa ƙosai, injin markaɗe na yi daga ƙofar gida. Na jingina wayar da bango, na jawo littafin. Layin farko ya shiga, na biyu ya bi shi.

Can sai hayaniyar ta fara raguwa, ina jin yaran sun ga waya sun taru suna leƙe. Sai na ji muryar Inna daga nesa, da dukkan ƙarfinta:

"Kai, wa yac ce ku yi shiru? Ku koma ga hwaɗanku, ɗiyata na karatu!"